Ranar da Muka Haƙa wa Ƙanena Kabari Yana da Rai

Edita, ina gaishe ka da masu karatu. Lokacin da abin nan ya faru ni matar aure ce mai yara ƙanana a wani ƙauye kusa da Kafanchan, ba na zuwa ko'ina sai gona da kasuwa da majami'a. Karatuna bai wuce na ajin yaƙi da jahilci ba, sai ku yi haƙuri da rubutuna. Abin da Allah ya ba ni baki ne da kunne, ina madafa nake gane mai shigowa gida ta takunsa kawai. Iyayenmu sun rasu da wuri, ni na riƙe ƙanena, kuma shi ne ɗan ƙauyenmu na farko da ya gama jami'a. Da ya dawo daga bautar ƙasa sai ya miƙo mini takardar digirinsa da ta shaidar garinmu, ya ce in ajiye, wai Yayarsa ba ta taɓa ɓatar da ko allura ba. Na naɗe su cikin zanen zumuntar matan majami'a na sa a ƙasan akwati.

Neman aiki ya ɗauke shi lokaci fiye da yadda muka zata. Duk ranar da jirgin ƙasa ya iso yakan hau keke ya je tasha ya sayo jarida, ya zauna gindin mangwaro yana duba tallar aiki. Shi yana da haƙuri, ni ce ba ni da shi. In na je niƙa mata su tambaye ni ko motar gwamnatin ta maƙale a hanya ne, wata ta ce wai mun yi dace, mu kaɗai ne a ƙasar nan mai digiri ke mana kiwon kaji. Ina dariya tare da su, amma gorin yana bina har gida.

Wata rana da tsakar rana, ƙanena ya tafi Samaru Kataf, sai ga wani mutum da kwat da jakar hannu. Ya gaishe ni da yarenmu, ya ce daga gidan kawunnanmu yake, har ya ambaci kakarmu da unguwarsu. A wurinmu wanda ya fito daga dangin uwa ba a tsare shi da tambaya, ba a kuma barinsa ya tafi hannu wofi. Ya ce a Kaduna yake aiki, an buɗe guraben manyan ma'aikata, kuma ba zai zauna yana kallon ɗan 'yar'uwarsu a gida ba, takardun asali kawai za a nuna wa manya a dawo da su. Ko kwabo bai nema ba, wannan ne ya kwantar mini da hankali. Amma kunnena ya gaya mini wani abu. Yarenmu a bakinsa kamar rigar aro yake, ko'ina daidai amma bai zauna masa ba. Ruwan da na ba shi ya kai baki ya ajiye bai sha ba. Karenmu da ke haushin ko Fasto ya shige ƙarƙashin rumbu ya yi shiru. Duk na lura, na kuma buɗe akwati na miƙa masa takardun, har kaza na kama masa.

Mutumin bai dawo ba. Na taka har gidan kawunnanmu, suka ce ba su san mai wannan kama ba. Ƙanena bai yi mini faɗa ba, ya dai kira ni Yaya sau ɗaya ya zauna. Duk ofishin da ya je sai a ce ya kawo takardar asali. Haka ya yi damina a gida yana taya mu noma. Da aka fara haƙar citta ya hau jirgi, ya ce zai je jami'arsu ya nemi wata takardar, daga nan ya sauka wurin abokinsa a Kaduna. Muka daɗe ba labari.

Ina shanya citta a kan dutse da hantsi na ji ƙarar motar da ba ta garinmu ba. Motar gwamnati ce, da akwatin gawa a baya an buge shi da ƙusa. Mutum biyu suka sauko suna tambayar gidan su wane, suka faɗi sunan ƙanena cikakke. Suka ce ma'aikacinsu ne a wani gari mai nisa, hatsarin mota ya kashe shi, mutum ne mai shiru, tun farkon damina yake tare da su. Maganar daminar ta shiga kunnena, domin duk daminar nan ƙanena yana gida tuwon accata yake ci, amma sunan ya riga ya rufe mini hankali. A al'adarmu 'yar'uwar mamaci ce ke fara kuka tana kiran sunansa, sa'an nan gari ya amsa. Na ɗora hannu a ka na kira. Kafin in sauke murya an buga ƙararrawar majami'a, samari sun ɗauki diga.

Da la'asar, rana tarwai, muna bakin kabari Baba Fasto yana addu'a, kowa ido a rufe. Sai na ji taku a kan tsakuwa, ƙafar hagu tana ɗan ja, yadda ta ƙanena take ja tun da ya faɗo daga ɗorawa yana yaro. Na ƙi buɗe ido. Takun ya matso ya tsaya daidai bayana, muryarsa ta tambaye ni a hankali wai wa ya mutu. Mutane suka watse cikin dawa, wata tsohuwa ta ɗebo ƙasa tana watsa masa don a ga ko zai ɓace. Shi kuwa yana tsaye da jakarsa yana karanta sunansa a jikin gicciyen katako, fentin bai ma bushe ba. Aka ɓalle akwatin. Saurayi ne tsaransa, ba wanda ya taɓa ganinsa. Mutanen gwamnatin suka ce su wannan suka sani da sunan, suna yi wa ƙanena kallon maƙaryaci, suka shiga mota suka tafi. Dattawa suka ce gawar da ta shigo gida aka yi mata kuka ba a korarta. Muka binne shi.

A takardun gwamnati ƙanena ya mutu. Ya yi ta zirga-zirga da Fasto da dagaci don su shaida yana da rai, kullum a ce su dawo. A ƙauye kuma tsofaffi suka daina kiran sunansa, wai sunan da aka yi wa kuka ya riga ya tafi, in ya bi hanya yara su kauce. Daga baya ya samu koyarwa a wata firamare can nesa, inda ba wanda ya ji kukana. Yana zuwa Kirsimeti, amma tun daga nesa yake ɗaga murya yana sallama don kada ya tsorata kowa. Har yau bai taɓa ɗora mini laifi ba, shi ya fi yi mini ciwo.

Ina roƙon masu neman aiki da masu riƙe musu takardu: takardar asali sunan mutum ce, kada ta fita hannunku ko da mai neman ya san sunan kakarku. Mai ita ya kai ta ofis da ƙafarsa, ya nuna, ya dawo da abarsa. Kada gorin mata a wurin niƙa ya sa ku gaggawa, kuma in zuciya ta ce a dakata, a dakata. Kabarin nan ni nake share shi duk shekara, na cire gicciyen na dasa fure. Ban san ko saurayin sayen sunan ya yi ko shi ma yaudararsa aka yi ba. Na dai san akwai wata mata a wani gari da har yanzu take kasa kunne ko za ta ji takunsa.