Ranar da Aka Ɗinke Mode Cikin Fatar Rago

Ina zama wurin Baba Mode na Goronyo bayan la'asar, in saurare shi. Manomin albasa ne a bakin gulbin Rima, kuma ban san mutum mai tsoron sanyi kamarsa ba. Wannan labari yakan fara shi da dariya, sai na jira ta wuce.

A ƙuruciyarsa surukinsa Malam Junaidu ya ara masa garka, wato lambun noman rani. Albasa tana son ruwan sassafe, shi kuwa Mode ba ya fitowa daga ɗaki sai hantsi. Shekara biyu dashensa yana bushewa. A ta uku Malam ya ce in ya zo ran Laraba ya tarar da ƙasa a bushe, zai karɓe garkar.

A makon ne maƙwabcinsa Alhaji Attahiru ya dawo daga Makka, bayan shekara tara a hanya. A can ya zauna da wani mutumin arewa mai nisa, ƙasar dazuzzuka.

"Can gulbi shi kan daskare har doki ya bi ta kai," in ji Alhaji. "Itatuwansu ganyensu kamar allura, ba su kaɗewa. Zomo ya kan koma fari fat. Wata dabba da ta fi kura girma ta kan ci ta yi ƙiba, ta shige rami, ba ta hitowa sai ɗari ya wuce."

Mode ya ce, "Wagga dabba ƙanwata ce! To mutanen fa, mi suka yi?"

"Fata suka sawa, gashin na ciki. Ba su tuɓewa sai bazara."

Mode ya ruga gida. Laraba da asuba, bayan salla, ya sa matarsa Sauda ta ɗinke shi cikin fatun rago biyu, daga wuya har wuyan hannu.

"Maigida, in ka yi kuka me-e-e, kasuwa zan kai ka," in ji ta.

Ya riga kowa isa gulbi. Ya kama jigo, abin da ake ɗebo ruwa da shi, yana ja yana waƙa, yana yi wa masu rawar ɗari ba'a. Fage bayan fage ya sha ruwa.

Abin da ya manta shi ne sanyinmu ba ya wuni. Da hantsi gumi ya cika fatun. Ƙudaje suka taru, karnuka biyu suka zauna suna kallonsa. Sauda kuwa ta yi ɗinki na tsakani da Allah. Azahar ta yi, ya zo alwala, hannu ya ƙi fita.

Haka Malam Junaidu ya same shi, yana birgima yana cizon zare.

"Mode, kai ne ko layya ce ta tsere?"

"Baba, yanke ni! Dahuwa nika yi!"

Malam ya zare lauje ya farke ɗinkin, yana dariya har rawaninsa ya kwance. Sannan ya zaga garkar, yana tsoma yatsa a kowane fage. Ko'ina danshi.

"Garka taka ce," ya ce. "Amma gobe a sa ma fatun maɗauri, ba ɗinki ba."

Shekara arba'in ke nan yana noma ta.