Motar da Kaka ta Wanke da Toka

Duk sanda na buɗe gwangwanin man goge mota, warinsa ya bugi hancina, sai kakata ta wajen uba ta faɗo mini a rai.

Mahaifina ɗan farinta ne, don haka ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa magana kai tsaye. Direba ne a lokacin, yana jan baƙar motar wani dillalin albasa tsakanin Wurno da Sakkwato. Wata damina zazzaɓi ya kwantar da shi. Motar ta kwana uku a ƙofar gida, taɓon hanya ya bushe a jikinta. Kunya ta hana Kaka leƙa ɗakinsa ta yi masa sannu. Sai ta ɗebo toka da yashin gulbi, irin wanda take darje tukwanenta da shi, ta duƙufa kan motar tun da hantsi.

Da rana ta take, sai ga zane zagaye-zagaye ya fito ko'ina a jikin fenti, kamar gindin tukunya. Baba ya fito yana dafa bango, ya tsaya yana duban motar.

Kaka ta dube ni ta ce, "Tambaye shi, mi ya gani? Ba ta hita ba?"

Ya ce, "Ta hita, Inna. Allah shi saka da alheri."

Kwana biyu ya yi da tsumma da man gogewa, zazzaɓin bai sake shi ba, yana so ya kashe zanen kafin mai mota ya gani. Bai san inda ake tsayawa ba. Ya yi ta goga har baƙin ya cinye, farin ƙarƙashi ya bayyana a saman bonet, murfin injin motar. Mai mota ya karɓe makullinsa. Baba ya gaya wa Kaka wai ya gaji da hanya ne, ya koma fadama noman albasa, bai sake riƙe sitiyari ba. Har ta rasu ba wanda ya gaya mata gaskiya.

Yau goge fentin mota shi ne sana'ata a Sakkwato, kuma na gaji da ita, bayana ma ya gaji. Da injin gogewa, abin da ya raba Baba da aikinsa bai wuce aikin wuni guda ba. Hakan yana yi mini ciwo. Masu motoci kan zo suna tsine wa wanda ya ɓata musu fenti, suna jiran in taya su. Ni dai sai in jona inji in fara gogewa. Ban taɓa taya kowa zagin ba.