Tutar da Ta Yi Gadin Geron Baba Sale

Da safiyar Talata, a hanyata daga Maruta zuwa Gwaram, na hango koren ƙyallen korar tsuntsaye ɗaure a sanda cikin gonar maƙwabcinmu Baba Sale. Iska ta buɗe shi, sai ga farin rubutu da takobi.

Ban yi nisa a boko ba, amma na riƙe allo. Tutar Saudiyya ce, da Kalmar Shahada a jiki, bakinta har yana jan laka.

Idon Baba ya yi rauni, cikin tsummokaran gwanjo ya tsinto ta. Ga shi can cikin gonar tare da masu yi masa aiki. Dattijo ba a yi masa gyara gaban 'yan ƙwadago, don haka na jira suka yi nisa.

"Baba, mu yi musaya. Ga rigata, ba ni ƙyallen nan."

"Wannan rigar taka ko tsuntsu ya raina ta. Me ka gani a jikinsa?"

Na karanta masa. Ya kwance shi da kansa, ya ninke, ya ɗora a ka. Ni kuma na ɗaura rigata a sandar.

"Ashe sati uku Shahada ke gadin gerona, ni ina ta yabon tsumma."

Da ku ne, yaya za ku faɗa masa?

Shaidata Malam Ado mai faci, da ya ga na shigo Gwaram da singileti.