Zanen da Aka Cire Daga Bisa Ƙofa

Ina da shekara sittin da ɗoriya aka gayyace ni wani ƙauye a kudancin Faransa, in zauna wata uku in yi aikin hannuna. Ni magini ne mai zanen bango da ƙasa, haifaffen Rano. Na yi aiki a Yamai da Abijan da Khartum, don haka Faransanci bai ba ni tsoro ba, baƙunta ma haka.

Ƙauyen bai kai Madachi ta ƙasarmu ta Rano girma ba. Shirunsa ne ya fara damuna: ba kukan akuya, ba sallamar maƙwabci, sai ƙararrawar coci. Kowace safiya nakan taka wurin wata tsohuwa mai gasa burodi, ta taɓa hannun rigata ta ce sanyi zai kashe ni kafin in gama aikin. Daga nan sai cuɗa ƙasa. Tasu ba ta da danƙo irin tamu, kwana goma ina lallashinta da ciyawa da kashin doki kafin ta yarda da ni. Makuba kuwa, ɓawon ɗorawa da muke shafe bango da shi saboda ruwa, a buhu na ɗauko ta daga gida.

Mai masaukina sa'ana ne, shi ma mai zane. A tebur ɗaya muke ci. Ya daina sa giya a girki saboda ni, yana kirana ɗan'uwansa. Wata rana ya ga wani zane a littafina, ya ce shi yake so bisa ƙofar tsohon ɗakin ajiyar hatsinsa.

Na ce masa wannan ba nawa ba ne. Ubangidana da ya koya mini gini, wani dattijo a Fassi ta ƙasar Kibiya, shi ya ba ni, bayan na yi masa alkawari: ba zan ɗora shi ba sai bisa ƙofar da mutum zai riƙa kwana a bayanta. Ba na kasuwa ba ne, ba na 'yan kallo ba.

Ya dafa ƙirji ya ce, "Ai nan zan dawo da gadona. Gwiwata ta gaji da hawa bene."

Ya kafa wani faffaɗan katako bisa ƙofar, ya ce saboda danshin dutse ne, in yi yaɓena a kansa. Na yarda. Mako biyar na yi a kan tsani, da yatsu da wuƙa, ina rufe aikin da buhu duk sanda hadari ya haɗo.

Saura kwana shida in tafi, ya saya mini tikitin jirgin ƙasa in je birni in ga tsoffin gine-gine. Birnin bai riƙe ni ba, na dawo kwana ɗaya kafin lokaci. Na tarar da mota a tsakar gida, mutum huɗu da safar hannu suna sa katakon a akwati, zanen yana jikinsa. Bisa ƙofar ba komai sai ramukan ƙusa.

Ko kunya bai ji ba. Ya ce, "Ɗan'uwa, a nan hunturu biyu zai cinye shi. A gidan adana kayan tarihi zai shekara ɗari, da sunanka a ƙasa."

Na ce, "A garinmu ruwa yana cin bango kowace damina, mu sake shafawa. Ba wanda ya taɓa kiran wannan asara. Me ya hana ka tambaye ni?"

"Da na tambaye ka, da ka ƙi."

An sha cutata a wurare, na san ciwon. Amma ban taɓa ganin wanda ya san amsata sarai, ya kafa katako tun ranar farko, kuma ya ci gaba da miƙo mini gishiri a tebur ba. Takardar da na sa wa hannu da isowata ta ce duk abin da na yi na waɗanda suka gayyace ni ne. Na karanta ta, na iya harshen. Na dai ɗauka maganar baki ta fi ta nauyi.

Da na dawo, sai da na yi mako biyu ina kewaye-kewaye a Rano kafin na hau babur zuwa Fassi. Na sami Baba, ubangidan nawa, a zaure, idonsa ya yi rauni. Na durƙusa na faɗa masa komai, ban rage ba.

Ya ce, "Kai da ka iya bakin kowa, ashe ba ka iya jin ƙarya ba?"

"Baba, na ɗauka ɗan'uwa ne."

"Katako fa? Tun yaushe ake wa bango shimfiɗa?"

Sai ya tambaya ko makubar ta kama ƙasarsu, na ce ta kama. Ya gyaɗa kai, ya sa aka kawo mini fura. Shekara arba'in ba ya kirana sai "ɗan nan". Da na tashi tafiya ya miƙo mini hannu kamar baƙo, ya ce, "To Alhaji, a sauka lafiya."