Kwanon Facin Dalhatu

Duk wanda ya san unguwar Dogo Nini ya san Dalhatu mai keke. Shan inna ta ɗauke masa ƙafafu tun yana ɗan shekara huɗu, amma ta bar masa hannaye, kuma da su yake cin abinci yau shekara talatin. Da bututun ruwa da tsofaffin tayoyi yake haɗa keken guragu, irin wanda ake murzawa da hannu, mai ratsa yashin Potiskum ba sai an turo ba. Kullum akwai tsohon kwano cike da ruwa a gefensa, inda yake tsoma tub ɗin taya ya gano huda. Ba shi da gona, ba shi da shanu a kara. Abin taƙamarsa ɗaya ne: tun da yake bai taɓa miƙa wa wani hannu ya ce a taimaka don Allah ba.

Injin walda kawai ya rasa, dole sai ya kwashi ƙarfe zuwa unguwar Hausari a liƙa masa. Shi ya sa da aka ce gwamnati ta ware kuɗi don masu buƙata ta musamman, wato sunan da ake kiran gurgu ranar da za a ci abinci da shi, ya je ya cike fom na neman injin. Sau uku wani kwamiti yana tantance shi, ko don a tabbatar ƙafafun ba su tsiro ba.

Ranar rabo matarsa Fanne ta goge masa shadda. Manya suka cika rumfa, masu buƙatar ta musamman aka jera su a rana, aka yi awa uku ana yi musu jawabi a kan 'yancinsu. Can sai Babaji, sakataren kwamitin, ya turo wata kujerar guragu mai ƙyalli.

"Malam Dalhatu, injin naka sai zango na biyu. Yau kujera ake bayarwa."

"Ranka ya daɗe, ni fa keke nake ƙerawa. Wannan ta asibiti ce, ba ta tafiya a yashi."

"Zauna dai a ɗauki hoto. Cire hular nan kuma, ta yi kyau da yawa."

Dalhatu ya ji haushi har wuya, amma ya tuna injin, ya haɗiye. Aka ja kekensa bayan rumfa don kar ya ɓata hoto, aka yi tafi. Kujerar kuwa ko bakin ƙofar filin ba ta kai ba ta kafe. Yanzu a kanta Fanne take shanya kuɓewa.

Bayan mako biyu sai ga ƙaton allo a shataletale. Kuɗin da bai isa injin walda ba ashe ya isa fenti. Ga Dalhatu nan ba hula, yana ƙyafta ido a rana, an rubuta a ƙasa: MUN RABA SU DA BARA. Ya murza keke har wurin Babaji.

"Ranka ya daɗe, yaushe na yi bara?"

"Haba, Malam Dalhatu, wa yake karanta allo? Ai suna ka yi."

Ranar kasuwa yana zaune yana ɗaure sarƙa, wani baƙo mai fataucin shanu ya tsayar da mota, ya fito ya ƙare masa kallo.

"Kai ne na allo, ko? Madalla. Kar ka koma, ka ji, bawan Allah."

Ya saki naira ɗari a cikin kwanon, ya shige motarsa. Dalhatu ya ɗaga sifana zai yi magana, mutumin ya zaci godiya ce, ya ɗaga masa hannu ya wuce.

Dalhatu ya daɗe yana kallon takardar tana yawo a kan ruwa. Bai taɓa ta ba. Ya zubar da ruwan tare da ita, ya kife kwanon. Tun daga ranar nan, da yawu yake neman huda.