Tasar Goro da Takobin Gajere

Duk wanda ya taɓa bin layin bayan tashar Maamobi da safe ya san teburin Hajiya Wadia, ko bai san sunanta ba ya san ƙamshin tukunyarta. Waakye take sayarwa, shinkafa da waken nan da ake dafawa da karan dafi har su yi ja, a zuba taliya da ganda da ƙwai, a ɗora baƙin yajin shito a kai. Shekara talatin da huɗu ke nan tana tsaye a wurin. Direbobin motocin haya na tirotiro sun ci, 'yan makaranta sun ci sun girma sun kawo nasu 'ya'yan. Ba ta da fara'a, kuma ba ta taɓa yin kamar tana da ita ba. In ka ce shito ya yi maka kaɗan, sai ta dube ka tun daga hula har takalmi, sannan ta ƙara maka.

A unguwar Nima aka haife ta. Ubanta falken goro ne da ya zo daga Sakkwato bai koma ba. Uwarta kuwa, Hajiya Fatu, ita ce Magajiyar matan layinsu har ta bar duniya. Magajiya ke zaɓen yayi, wato atamfar da mata za su ɗinka iri ɗaya ranar biki, ita ke shiga tsakani in mata sun ɓata, ita kuma ke aika goro gida-gida in za a yi aure ko suna. Da tasa ɗaya ake rabon goron nan, wata tsohuwar tasar tagulla da ta lotse a gefe, kuma wadda tasar ke ɗakinta ita ce Magajiya. Wadia ta tashi tana goge tasar da toka da lemun tsami duk ranar Juma'a. Da uwarta ta rasu, aka miƙa tasar ga Mma Awabu, ƙawar uwar. Da ƙafafun Mma Awabu suka gaza, sai ta aiko wa Wadia da ita ta ce ta riƙe mata. Shekara uku tana riƙo, kuma kowa ya san bayan Babbar Salla za a naɗa ta. Tana son abin nan so na gaske, ba ta kuma ɓoye ba.

To, sai ga waya. Wata rana da ta dawo daga kasuwar Makola ta tsaya wajen masu sayar da waya a Circle ta sayi wayar hannu-biyu, wadda wani ya riga ya yi amfani da ita, fuskarta da ɗan tsaga a lungu. Da ta zo gida tana lalube, yatsanta ya faɗa kan wani hoton takobi, sai ga wani ɗan guntun mutum da jan ɗankwali ya bayyana a bakin wata ƙofar gari. Ashe gem ne, wasan waya, sunansa kuma da wani rubutu ne da ko 'yarta Sherifa ba ta iya karantawa ba, don haka Wadia ta raɗa masa Sara-Sara, shi kuma mutumin ta sa masa Gajere.

Gaskiya abin ba shi da fasali. Abokan gāban Gajere duka fuskarsu ɗaya, kamar uwa ɗaya ta haife su rana ɗaya. In ya kai sara, ƙarar da ke fita irin ta murfin tukunya ce in ya faɗi a siminti. Wani lokaci ƙafarsa ta maƙale a bango ya dinga gudu a wuri ɗaya, wani lokaci kuma gem ɗin ya mutu, in an sake kunna shi ya manta duk ƙofofin da aka ci, ya maido Gajere ƙofar farko da takobin katako. Wadia ta zage shi ya fi a ƙirga. Amma kullum in ta kife tukwane ta yi azahar, sai ta zauna a bencin bayan teburinta, ta gyara tabarau, ta shiga sara har a kira la'asar.

Sherifa, wadda ke aiki a wata maɗaba'a a unguwar New Town, ta ji kunyar abin. Ta ce, "Mma, wannan gem na banza ne koraa. Mutum biyu ne suka haɗa shi a ɗakin haya. In dole sai kin buga, bari in sa miki mai kyau."

Ta sa mata mai kyan. Hotuna kamar fim, sarakuna da 'ya'yan sarakuna, amma kafin a zare takobi sai an yi surutu na kusan rabin awa. Wadia ta miƙa mata wayar ta ce, "Cire min. Ni sara na zo yi, ba sauraron tarihin gidan wasu ba. Surutu ina da shi a layin nan ya ishe ni." Gajere ba ya neman shawararta, ba ya kawo mata ƙarar kowa. In ta danna ya sara, in ta yi sake a kashe shi, ya tashi ya karkaɗe jiki su sake gwadawa. Wannan hali nasa ya yi mata.

Mutanen layi sun san tana yawan duba waya, sun ɗauka wa'azi take kallo. Asiri ya tonu ne ranar auren wata jikar Mma Awabu. Lahadi ce, an tare titi da rumfuna da kujerun roba, mata sun fito cikin yayin da Wadia ta zaɓa, shuɗi mai ratsin zinariya. Gab da azahar kakar amarya ta wajen uba ta aiko da gaisuwa ta murya daga Yamai, sai Kazeem mai kayan sauti ya haɗa wayar Wadia da manyan lasifikokinsa don kowa ya ji. Aka ji, aka yi guɗa, Kazeem ya rage murya ya tafi salla, bai raba haɗin ba.

Dangin ango kuwa cunkoson motoci ya riƙe su a hanya. Awa ɗaya, awa biyu. Wadia ta gama duk abin da ke wuyanta, abinci ya nuna, goro ya zagaya, sai ta ja kujera bayan rumfa ta buɗe Sara-Sara. Ta ji wayar shiru, ta ce alhamdulillahi, yau ta yi hankali da kanta. Ba ta san muryar can ta tafi cikin lasifika tana jira ba. Ran nan kuwa hannunta ya yi kyau, ta kai ƙofa ta tara, inda wani ƙato mai gatari biyu ya yi wata guda yana kashe mata Gajere.

Daidai lokacin da gwaggwannin ango suka sauko daga mota ɗauke da akwatuna a ka, Kazeem ya dawo ya murɗa murya har ƙarshe don ya tarbe su da kiɗa. Sai titi ya cika da ƙarar murfin tukwane da nishin mutane ana sare su. Wata gwaggo ta saki akwati. Liman ya miƙe tsaye da carbi a hannu. Wadia kuwa, da yake kunnenta ya saba da ƙarar nan, ba ta ji wani baƙon abu ba, sai ma ta ƙara sunkuyawa tana cewa, "Yauwa, Gajere, ta ƙasa, ta ƙasa." Sai da Kazeem ya zo kanta yana haki ya ce da gurguwar Hausarsa, "Hajiya, ka yi haƙuri, wayarka ne paa," sannan ta ɗaga kai ta ga duk yayin nan da ta zaɓa ya juyo yana kallonta.

Bayan kwana uku Mma Awabu ta kira ta ɗaki. Akwai manyan mata huɗu, har da Alima mai sayar da albasa a kasuwar Agbogbloshie, wadda suka yi makarantar allo tare da Wadia. Tsohuwar ba ta yi faɗa ba, don tana ƙaunar Wadia kamar ita ta haife ta. Hanyar fita ta shirya mata, irin wadda manya ke shirya wa nasu in ya yi abin kunya.

Ta ce, "Wadia, mun riga mun gaya wa dangin ango cewa wayar hannu-biyu ce, da kanta ta kunna. Ke dai ki maimaita haka a gaban matan nan, ki goge abin a idonmu, magana ta mutu. Bayan Salla a naɗa ki."

Wadia ta ce, "Mma, ba ita ta kunna kanta ba. Ni na kunna."

Alima ta taɓa mata gwiwa ta ce, "Ƙawata, to ki ce kewar Alhaji Muftahu ce. Tun da ya rasu gidan ya yi miki faɗi, kowa zai gane."

Wannan ita ce ta fi ɓata wa Wadia rai. Mijinta ya rasu shekara shida ke nan, ta yi kukansa ta gama, ba za ta tono shi don ya rufa mata asiri a kan gem ba. Ta ce, "Ku bar Alhaji ya huta. Ba kewa ba ce, ba aljanu ba ne, hankalina kuma lafiya lau. Daɗi nake ji. Tun ina 'yar shekara tara nake hura wuta don wasu su ci. Na yi wa miji, na yi wa 'ya'ya, na yi wa layin nan kaf. Salla ba ta taɓa wuce ni saboda shi ba, goron kowa bai taɓa makara ba. Abin da ya faru ranar biki laifina ne, zan je har gidan dangin ango in ba su haƙuri. Amma tsakanin azahar da la'asar nawa ne, kuma ba zan fara sarautar da ƙarya a bakina ba."

Mma Awabu ta gyara zama. Ta ce, "Magajiya uwar mata ce. Ba za a ce uwar mata tana bayan teburi tana sare kawuna ba. Ki zaɓa, 'yata."

Wadia ta ce ta zaɓa.

Ta je ta ba dangin ango haƙuri kamar yadda ta ce, da kuloli biyu na waakye. Bayan Babbar Salla aka naɗa Alima. Wadia ce ta dafa abincin taron, ita ce kuma ta zo da wuri ta zauna a sahun gaba, don kada wata ta ce baƙin ciki ya hana ta fitowa. Da safen ran nan ta goge tasar da toka da lemun tsami har ta ga fuskarta a ciki, ta sa babban yatsa a lotsewar nan ta gefe inda uwarta ke riƙewa. Da aka kira ta, ta tashi ta miƙa wa Alima da hannu biyu ta ce, "Ranar Juma'a ake goge ta. Kada ki sa mata sabulu." Alima ta karɓa idonta cike da hawaye. Na Wadia bai zubo ba sai da ta juya baya, kuma ya yi mata ciwo fiye da yadda ta zata. Har yau in ta ga an wuce da tasar a layi, kawar da kai take yi.

Amma ba ta ƙara ɓoye wayar ba. Washegari ta kife tukwane, ta yi azahar, ta ɗauko bencin daga bayan teburi ta ajiye shi a gaba, inda duk mai wucewa zai gan ta. Ta gyara tabarau, ta ƙara murya. Gem ɗin ya yi halinsa, ya manta ƙofofi taran nan duka, ga Gajere can a ƙofar farko da takobin katako yana jiranta. Ta zage shi zagi mai kyau, ta goge tsagar fuskar wayar da bakin mayafi, ta ce, "To tashi, mu koma."