Kalmar da Ta Rage a Bakin Tsoho Raposo

Tun tana ƙarama Natália Raposo take yi wa iyayenta tafinta. Daga tsibirin Pico suka zo New Bedford a Amurka, uban ya shiga jirgin kamun kifi, uwar ta shiga masaƙa, Turanci kuwa bai taɓa zama a bakinsu ba. Makaranta, banki, wurin likita, duk ita ce a gaba. Ta girma, ta yi aure, ta binne uwar, ba ta taɓa jin tsoron wata kalma ba sai da ɓarin jikin mahaifinta ya shanye.

Ciwon ya kwashe masa magana kaf, ya bar masa kalma guda ɗaya ta harshensu na gida: "Chega." Da ita yake kwana, da ita yake tashi.

A asibiti likitarsa, wata Ba'amurkiya mai sanyin murya, ta ja Natália gefe. Ta ce in bai fara haɗiyar abinci ba, sai an sa masa roba ta hanci, amma tana son sanin ra'ayinsa. "Me yake cewa ne haka?"

Natália ta ce, "Kalmar tana nufin isowa. Asalinta naɗewa ne a Latin, don masu jirgin dā in sun iso gaɓa sai su naɗe ƙyallen da iska ke turawa. Amma kuma tana nufin ya isa haka."

"To, wanne yake nufi?"

Ƙanin Natália Duarte yana hanya daga Toronto, ƙila shi tsohon yake cigiya. Ƙila kuma cewa yake a ƙyale shi ya huta. Duk wanda ta zaɓa, da bakinta za a yi aiki. Ta durƙusa gaban gadon ta ce, "Baba, wa zai iso? Ko gajiya ka yi?" Ya zuba mata ido kawai.

Duarte ya iso, ya sumbaci goshin uban. Tsohon ya yi hawaye, amma bai daina faɗar kalmar ba. Natália ta ga ashe ba isowar Duarte yake nufi ba, saura ɗaya ma'anar.

Da hantsi sai ga Gwaggo Lurdes, ƙanwar tsohon, da kwanon miyar ganye da dankali. Da izinin likita ta tace romon, ta zauna bakin gado.

"Buɗe baki, Aníbal. Kai da ko ƙashin kifi ba ka bar wa kyanwa, yau ni za ka yi wa yanga?"

Ya buɗe, ya haɗiye da kyar, ya sake buɗewa. Da ya sha rabin kwano ya kawar da kai, ya ce, "Chega."

"Kin ji ko," in ji gwaggon. "Ya ƙoshi."

Ba a sa robar ba. Bayan wata biyu Natália ta ɗauke shi zuwa gidanta, ta gyara masa ɗakin ƙasa mai kallon tashar jiragen ruwa. Ya ƙara shekara guda a raye a wurinta, yana gyaɗa kai in yana so, yana ture hannu in ba ya so.